Kada a Jiƙa Ƙunshin Nan na Masar

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga hannun Dakta Ya'ƙub ɗan Malam Ishaƙa, mazaunin unguwar Dokki a birnin Alƙahira, mai digiri uku da ofis a hawa na tara, zuwa ga gwaggona, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Kulu ta Unguwar Tsamiya. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa da girmamawa da neman albarka. Ina fatan takardar nan za ta same ki zaune a kan tabarmarki, ba a kwance ba. Yaya gida, yaya jama'a, yaya sanyin bana, yaya kuma gwiwoyin nan biyu da suka hana ki zuwa suna da biki? Allah Ya ba su lafiya, Ya ƙara miki nisan kwana, Ya sa ki ga jikokin jikokinki. Wannan addu'ar ta nisan kwana ba don cika takarda na rubuta ta ba, Gwaggo. Tun jiya ita ce a bakina.

Mu nan alhamdu lillahi. Maiɗakina Mahasin tana gaishe ki, har yanzu tuwonta bai rabu da gudaji ba, amma tana ƙoƙari. Shahd ta shiga izu uku. Hatim ya fara tafiya, ya riga ya fasa kofuna huɗu da gilashin idona. Ni kuma aiki ya yi yawa, tumbi ya ƙaru har maɓallin riga ya fara neman agaji.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda yake karanta miki, don Allah ya ɗaga murya a nan, ya kuma maimaita. Ƙunshin maganin gwiwa da Malam Ismail ya kai miki daga nan mako uku da suka wuce, wanda ke cikin baƙar leda an ɗaure da jan zare, kada ki jiƙa shi. Kada ki sha, kada ki tauna, kada ki shafa, kada ki zuba a garwashi ki yi hayaƙi. Ba magani ba ne, akwai guba a jikinsa. Takardar da ke ciki ta ce a fara sha ranar ɗaya ga Rajab. Takardar ƙarya ce, babu wani likita, kuma na san wanda ya rubuta ta.

Jikanki Nata'ala ne, wanda kika yaye kika raina, na kawo shi nan ya gyara karatunsa wajen wani makaranci a unguwar Darrasa. Yaro ne mai hankali, kyakkyawa, duk unguwarsu ta Hadayek ana son sa, wannan kowa ya sheda. Amma ya yi abin da bai taɓa yi ba, kuma zan faɗa miki tun daga tushe don ki gane ba zancen wasa ba ne.

Da hantsi yakan yi aiki a wani lambun sayar da shuke-shuke a bayan unguwar Maadi, a nan mashtal suke ce wa irin wurin. Babbansa a can wani Basudane ne mai suna Tarig, kakanninsa mutanen Haɗeja ne da suka tsaya a hanyar Makka ba su ƙarasa dawowa ba, Hausarsa tana nan sai dai ta sha Larabci. A lambun akwai wani itace da ake kira sanaubar, babu shi a wajenmu. Ganyensa ba ganye ba ne, allurai ne kore a tattare kamar bakin tsintsiya, ba ya kakkaɓewa rani da damina. In aka ji masa rauni yana fitar da ƙaro mai ƙamshi, kusa da na hano. Idan shekarar Nasara ta zo ƙarewa Kiristoci da masu otal suna sayensa su yi ado, don haka mai lambun yana lallaɓa itatuwan nan fiye da 'ya'yan cikinsa.

To bana wani ƙwaro ya shigar musu. Ɗan'uwan faɗa-wuta ne, irin mai kewaya fitilar ƙwai, amma ƙarami ƙwarai, in ya naɗe fukafukansa bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Ja-ja ne da ɗigon toka, in ya zauna a reshe sai ki ɗauka ɓawon itacen ne. Shi kansa ba ya ɓarna. Ƙwai yake sakawa a kan toho, sai tsutsa ta fito, 'yar ƙarama mai baƙin kai, ta huda tohon ta shige, ta yi ta ci daga ciki yadda tsutsar kara take yi wa dawa. Daga waje ba a ganin komai, sai dai kan reshen ya lanƙwashe kamar sandar tsoho, ya yi ja, ƙaro ya taru a bakin ramin dunƙule-dunƙule. Ba ta cin lemo, ba ta cin fure, ba ta kallon dabino. Sanaubar da danginsa kaɗai ta sani. Da yake a ɓoye take, feshin da aka saba ba ya kai mata, sai mai lambun ya sa aka kawo wani mai ƙarfi, wanda yake shiga jikin itacen ya bi ruwansa har ya same ta a ɗakinta. Ranar da aka yi feshin farko yaron nan ba ya nan, yana can a layi tun safe har la'asar wajen sabunta takardar zama. Washegari ya zo ya tarar Tarig ya yanke duk rassan da suka lanƙwashe ya tara su a bayan shinge. Ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai tambaya ba.

A nan, Gwaggo, sai na ɗan taɓa ki, ki yi haƙuri. Tun ranar da yaron ya sauka ƙasar nan, duk wanda zai taho sai kin ba shi saƙo, wai a faɗa wa mijinki, wato jikan nan naki, Masar ƙasar likitoci ce, ya aiko miki da maganin gwiwa ko ki kai ƙararsa. Shi kuma bai manta da jiƙon maɗacin da kika riƙa ɗura masa yana ƙarami ba, kin matse shi a tsakanin gwiwoyin nan, lokacin suna da ƙarfinsu, kin toshe masa hanci, kina cewa haɗiye, ɗan banza, lafiya ce. Ya daɗe yana neman hanyar ramawa. Watannin baya ya taɓa tauna tohon sanaubar don son gwaji, ya ji ɗaci da ɗanƙo har bakinsa ya ƙi rufuwa, kuma ba abin da ya same shi. Da ya ga tarin nan sai shaiɗan ya ce masa ga dama. Ya zauna ya zaɓo waɗanda ƙaronsu ya fi kauri, domin su suka fi kama da maganin gaske, ya shanya su a saman bene kwana biyu. Sannan ya sami jar tawada, ya gyara hannu, ya rubuta da sunan wani babban likita da bai taɓa zuwa duniya ba, cewa a jiƙa bakwai-bakwai a kwanon sha, a shanye da safe kafin a ci komai, kwana bakwai a jere. Rajab ɗin ma da gangan ya sa, don ki daɗe kina jira kina nuna wa ƙawayenki. Niyyarsa in kwana bakwai sun cika ya aiko a tambaye ki yaya ɗaci, ya ce yanzu an yi ɗaya da ɗaya. Iyakar abin da ya nufa ke nan.

Shekaranjiya aka yi feshi na biyu, wannan karon yana wurin. Ya ga Tarig ya sa takalmin roba har gwiwa, da safar hannu, ya rufe hanci da baki, ya ga jarkar da hoton ƙoƙon kan mutum a jikinta. Har ya tsokane shi, ya ce ko yaƙi za a tafi da ɗan ƙwaron da bai kai shinkafa ba. Suna cikin aiki sai tiyon ya ɓalle daga gindi, ruwan ya jiƙa wa Tarig baya da hannun riga. Aka ce ya je ya wanke, ya ce ma'alish, wato ba komai, bari ya ƙarasa layin nan tukuna. Gwaggo, ba a yi azahar ba ƙaton mutumin nan ya zauna a ƙasa. Ana sanyi amma gumi yake yi kamar an watsa masa ruwa, miyau yana zuba ba ya iya tsayar da shi, ya yi amai har ba abin da ya rage, hannuwansa suna karkarwa, naman fuskarsa yana rawa shi kaɗai. Baƙin idonsa ya tsuke ya koma kamar kan allura. A keke mai ƙafa uku muka kai shi asibiti, kansa a cinyata, wato a cinyar yaron, yana jin yadda numfashin yake gurgur kamar mai shan ruwa ta hanci. Wannan fa a bayansa kawai ya zuba, bai kai bakinsa ba.

Allah Ya yi da sauran kwanansa, jiya ya buɗe ido har ya yi magana. Yaron ya je duba shi, ya tambaye shi wannan wane sabon bala'i ne aka kawo. Tarig ya ce ba sabo ba ne, shi ne dai na ranar da yaron ya je wajen takardar zama, shi ya sa ma aka haƙa rami aka binne rassan da aka yanke, ba a bar su a bola ba. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Yaron ya dafa gadon. Abin da yake gani kawai shi ne kwanon shanki mai ɗan lotsawa a baki, da hannunki a kai.

Daga asibitin bai tsaya ko'ina ba sai wajen malamar gona da ke duba lambun, sunanta Eman. Larabcinsa na allo ne, nata na kasuwa, amma tsoro ya sa suka fahimci juna. Ya tambaye ta, in mutum ya busar da rassan nan suka yi mako uku, sannan tsohuwa ta jiƙa ta sha, me zai faru. Ta ajiye biro ta dube shi, ta ce tsohuwar wa. Ya ce tasa. Ta tambayi shekarunki, ya ce ba wanda ya ƙirga, amma kin yi cefane da anini. Ta ce mai yiwuwa ƙarfinsa ya ragu, mai yiwuwa kuma ƙaron ya riƙe shi, ba za ta iya cewa ga tabbas ba, amma kwana bakwai a jere, a cikin da babu abinci, a jikin tsohuwa, ita ko jaki ba za ta ba wa ba. Ta ce hayaƙinsa ma haka. Ta tura masa wayarta ta ce yalla, maza ya kira yanzu.

Kin san Unguwar Tsamiya waya ba ta shiga sai an fita kasuwar Laraba. Allah Ya sa jiya Laraba ce, ya yi ta bugawa har ya sami Ummi, yarinyar da ke kula da ke a gida, tana wajen masu daddawa. Ya faɗa mata komai, muryarsa tana rawa. Gwaggo, dariya ta yi. Ta ce rawar muryar ma ta yi kyau, ta fi ta bara, lokacin da ya kira yana kuka wai an kama shi don ya jingina da dalar Fir'auna ta karkace, har kika sa aka yi saukar Alƙur'ani. Ta ce kin adana ƙunshin a ƙasan kwalla cikin zannuwanki, kina ƙirga kwanaki, har kin yi wa Nana Fatima ta gidan liman alƙawarin za ki tsakura mata, ita ma bayanta ya dame ta. Ta ce wannan karon ba zai kama ku ba, ga motar ƙauye za ta tashi, khalas, wato shi ke nan. Ita ma ta koyi cewa khalas a bakinsa. Ta kashe. Ya sake bugawa fiye da sau talatin, ba ta shiga ba. Wata kasuwar sai Laraba mai zuwa, watan Rajab kuwa Lahadi ko Litinin zai tsaya. Shi ya sa takardar nan. Ukasha, wani ɗalibi ɗan wajen Malumfashi, jirginsa zai tashi yau Alhamis da la'asar, kuma ya yi alƙawari ba zai kwana gidansu ba sai ya hau babur ya kawo miki ita hannu da hannu, in Allah Ya so ranar Asabar.

In kina shakka, ba sai kin yarda da kowa ba, idonki zai nuna miki. Ki sa Ukasha ya sa leda a hannu, ya ɗauko reshe ɗaya mai dunƙulen ƙaro, ya tsaga shi da reza a tsaye. Za ki ga rami a ciki da ɗan gari-gari kamar dusa, a ƙarshen ramin kuma ga tsutsar nan a bushe, da baƙin kanta. A ɗakinta ta mutu, ba wanda ya taɓa ta. Na san halinki, za ki ce ai ƙarfin maganin ke nan. Ƙwarai ƙarfinsa ne, Gwaggo, kuma irin aikin da yake yi ke nan.

Ga abin da za a yi. Kada a ƙona. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, inda akuya ba ta kiwo, kaji ba sa tono, a binne ƙunshin da ledarsa da zarensa. A wanke kwallar da zannuwan da sabulu, a shanya a rana. In kin riga kin ɗibar wa Nana Fatima, ko wata da Ummi ba ta sani ba, domin hannunki ba ya riƙe abu, a bi gida-gida a karɓo yau, ko da za a ji kunya. In kuma, Allah Ya kiyaye, gwiwa ta matsa miki kin ce Rajab ya yi nisa kin ɗan ɗanɗana, to ko ba ki ji komai ba a sa ki a mota a kai ki babban asibiti na cikin gari, ba shagon mai allura ba. Kada a ɗura miki manja ko madara kamar yadda aka saba, Eman ta ce ƙara ɓata abu suke yi. Ta rubuta sunan gubar da boko a wata 'yar takarda, ga ta nan na naɗe a cikin wannan, a miƙa wa likita tun daga ƙofa.

Yaron kuwa tun jiya ruwa kaɗai ya shiga cikinsa. Yau da safe ya je gaban malaminsa, surar da ya haddace tun yana ɗan shekara tara ta ɓace masa, ya tsaya yana kallon tabarma har aka ce ya tashi. Duk wayar da ta yi ƙara sai ya zabura, ya ɗauka daga gida ne. Ya wanke hannunsa har fata ta fara saɓa, kamar hakan zai kai ga kwallarki. Yana ta lissafin kwana, ya ce in jirgi ya yi latti fa, in babur ya lalace fa, in an ga wata da wuri fa.

Ki gaishe min da Malam Ismail da ya ɗauko ƙunshin bai san me ya ɗauko ba, a ce masa ya yafe. Ki gaishe da liman da iyalinsa, da Nana Fatima, Allah Ya ba bayanta lafiya ta wata hanyar. Ki gaishe da Ummi, a ce mata ba a ga laifinta ba, kowa ne a matsayinta dariyar zai yi. A gaishe da yaran gida duka, kada a bar ko ɗaya ya matso wajen ramin.

Na zo sa hannu, alƙalami ya ƙi tafiya.

Kaka, ba Kawu Dakta ba ne. Yana Iskandariyya tun Litinin wajen taro, sai gobe zai dawo, bai san komai ba. Ni ne. Na ari sunansa don na san in aka ce takarda daga Nata'ala, tun kafin a buɗe za ki fara dariya ki ce a ajiye sai kin gama tsintar wake. Amma yanzu ina so in rantse miki, kuma ba a rantsuwa da sunan aro. Kin san ni tun ina tsumma. Na yi miki ƙarya ta fi gashin kaina, na ɓoye miki carbi, na sa miki gishiri a koko, na aiko miki da labarin dala. Ki tuna da kyau, ko sau ɗaya kin taɓa jin na sa sunan Allah a ciki? To wallahi, tallahi, billahil azim, na rantse da Alƙur'anin da kika kai ni na karanta, duk abin da ke takardar nan gaskiya ne in ban da sunan da ke samanta. Ni na tsinto rassan, ni na rubuta da jar tawada, ni na riƙe kan Tarig.

Gobe zan je Dokki in faɗa wa Kawu da bakina, har da aron sunan. In ya ce in tattara kayana in koma gida, zan tattara. In na zo ki sa a kama miki ni, ki yi min duk abin da kika ga dama a gaban mutanen unguwa, ba zan gudu ba. Ni dai in zo in same ki.

Don Allah da zarar an rufe ramin ki sallami Ukasha, kada ki tsare shi da fura da hira. Ya fita inda waya take shiga ya kira ni, ya ce ya gan ki da idonsa. Ina nan riƙe da wayar.

Wassalam.

Jikanki,
Nata'ala